Ina robar da ruwa ya kwashe take zuwa?

Tambaya: Ni mai sayen robobi ne. Idan aka yi ruwan sama, kwata kan kwashe goruna da ledar fiya-wata ta yi gaba da su. Nutsewa suke yi a teku, ko ƙetarewa? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Malam, ya danganta da irin robar. Lita ɗaya ta ruwan teku takan kai giram 1,025, kuma duk robar da ta fi shi nauyi ƙasa take yi. Gorar ruwa, wadda ake kira PET, ta fi shi nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Iskar da ke cikinta ce kawai ke riƙe ta a sama. Da zarar murfi ya fita ko ta huje, sai ta nutse. Murfin kuwa da ledar fiya-wata ba su kai ruwa nauyi ba. Shi ya sa a bakin teku ake tsintar murafai birjik babu gorunansu.

Daga kwata sai tafkin Legas, sai mashigar Commodore da jiragen Apapa ke bi, sai teku. A can ruwan tekun da ke bin gaɓa, wanda ake kira igiyar ruwan Gini, gabas yake gudu, iska kuma galibin shekara daga kudu maso yamma take busowa, wato gaɓa take turo kaya. Abin da ya ɗago saman ruwa sosai, kamar farin soson da ake zuba abinci a ciki, wanda gwamnatin Legas ta haramta a 2024, iska ce ke tuƙa shi, don haka ya fi saurin dawowa. Da yawan abin da ya fita ba ya nisa, yana can yashe a gaɓar da ke wajen Lekki.

Wanda ya kuɓuce kuwa yakan yi shekaru yana yawo. A 1992 wata kwantena ta faɗa tekun Fasifik da kayan wasan yara 28,800, masana suka yi ta bin inda suke ɓulla suna gane hanyoyin ruwa. Binciken da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta tan 80,000 na roba a babbar matattarar da ke tsakanin Hawai da Kalifoniya, kuma kusan rabin nauyin ragar kamun kifi ce.

Tambaya: Idan roba ta daɗe a ruwa, narkewa take yi? Daga wata malamar makaranta a Idi-Araba.

Amsa: Malama, ba ta narkewa, dagargajewa take yi. Hasken rana ke cinye ƙarfinta har ta yi gautsi, irin na bokitin da aka manta a tsakar gida. Sai raƙumin ruwa ya goga ta da yashi, ta farfashe. Wannan ya fi sauri a gaɓa, domin cikin ruwa akwai sanyi, ga gansakuka na rufe ta daga rana. Gansakukar ma kan ƙara mata nauyi har ta nutse. Guntun da bai kai milimita 5 ba shi masana ke kira ƙwayar roba, kuma kifi na haɗiye shi.

Auna yawan ƙwayar robar a teku shi ne wahala. Ana jan raga mai ido kashi ɗaya cikin uku na milimita a gefen jirgi, a tace, a ƙirga. Duk abin da ya fi idon ƙanƙanta ya wuce. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuma ruwa kan danna guntayen ƙasa da ragar, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. Har zaren rigar mai auna yakan faɗa cikin samfurin, shi ya sa ake sa kayan auduga a ɗakin gwaji.