Muryar da likitanmu ya turo zauren gida kan ƙafar Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ga hoton takardar gwajin Baba da kika turo, na kuma ji tambayarki ko ciwon ƙafar nan sanyi ne. Ku yi haƙuri, ina kan aiki ne tun safe.

Takardar tukuna. Kiriyatinin ɗin nan datti ne da tsokar jiki ke fitarwa, ƙoda ke tace shi ya bi fitsari. In ya taru a jini, ƙodar ta rage ƙwazo ke nan. Amma ni ba shi nake fara kallo ba, don tsoho marar jiki irin Baba, nashi kan fito kamar lafiya lau alhali ƙodar ta ja baya. Ku duba ƙasa inda aka rubuta eGFR, 48. Ƙiyasin ƙarfin tacewar ne. Na lafiyayyen matashi daga 90 ne zuwa sama. In ya sauka ƙasa da 60 ya zauna nan har wata uku, shi ne ciwon ƙoda mai daɗewa, don haka sai an maimaita gwajin. Goggo, don Allah a bar kukan, ba a fara zancen wankin ƙoda sai an gangara ƙasa da 15, Baba bai je ko kusa ba.

Ni ƙafar ce ma ta fi tsaya mani a rai. Kin ce in ya nufi masallaci sharaɓarshi kan ɗaure, ya tsaya gindin bedi minti biyu uku ta saki, ya ci gaba ta sake kamawa. Yaya, wannan bai yi kama da sanyi ba. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne nake zargin sun tsuke. Yana zaune jinin ya isa, yana tafiya tsoka ta nemi ƙari ta rasa. Ita ƙoda ai tarin ƙananan jijiyoyin jini ce, hawan jini da sugan da suka cinye ta su ne ke cin na ƙafar. Kuma in ta gaza, gishirin fosfet kan taru, alli ya kwanta jikin jijiyoyi su sandare. Mai irin wannan ƙafa, zuciyarshi da ƙwaƙwalwarshi ma sai an sa masu ido.

To, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina. A auna hawan jini a idon sawu da damtse a kwatanta; in lissafin ya ba da 0.9 ko ƙasa, akwai tsukewa. Ga masu suga da ƙoda yakan haura 1.4 saboda sandarewar, sai a auna a babban ɗan yatsan ƙafa. A duba furotin a fitsari, ana yawan mantawa da shi, alhali yakan riga kiriyatinin nunawa. Sai suga da kitsen jini.

Abin da zai ɓata mani rai, diklofenak da ibuprofen ɗin da ake sayo mashi a kemis. A daina yau, suna ƙara gajiyar da ƙodar. Jiƙon nan da ba a san abin da ke ciki ba, shi ma. Kawu, ka ji ni, sigarin da kuke ɓoyewa a zaure ba abin da ya kai shi tsuke jijiyar ƙafa. A rage gishiri da dunƙule a miya.

Kada a hana shi tafiya, magani ce: ya yi har ta fara kamawa, ya huta, ya tashi. Hunturun nan ban da gasa ƙafa a garwashi, ban da yawo ba takalmi, mai yankan farce kuma ya bi a hankali. In kun ga miki ya ƙi warkewa, ko yatsa ya yi baƙi, ko ciwon ya hana shi barci yana kwance, kada ku jira safiya, ku kira ni.

Ana nemana a ɗakin marasa lafiya. Yaya, turo mani hoton duk magungunan da yake sha, har na ƙarƙashin filo.