An sace wayata da duk shafukan da na tara, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, ina rubuta aikin kammala karatu. Duk shafin intanet da na ga zai amfane ni, sai in tura wa kaina adireshinsa a WhatsApp ko in bar shi a buɗe a burauza. Watan jiya aka zare mini wayar a adaidaita sahu, komai ya tafi. Ƙawata ta ce da na riƙa yin bukmak da ban yi wannan asarar ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar miki da mafi alheri. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, amma da sauran bayani.

Bukmak alama ce da ake sa wa shafi, kamar yadda ɗalibin zaure yake saƙala tsinke a littafi don ya san inda aka tsaya. A Chrome, tauraron nan ne ake taɓawa, a kwamfuta kuwa ana danna Ctrl da D tare. Sai dai in ba ki shiga burauzar da asusunki na Google kin kunna Sync (wato ajiye alamomin a cikin asusunki) a saiti ba, alamar a cikin wayar kaɗai take zaune, ɓarawo ya tafi da ita. In kin kunna, ranar da kika sayi sabuwar waya kika sa imel ɗinki, za ki tarar da kayanki yadda kika bar su, haka ma a kwamfuta. Masu iPhone iCloud ne yake yi musu wannan aikin a Safari.

Wurin tsarawa ne mutane suke yin sakaci. Na taɓa duba kwamfutar wani ɗalibi, alamomi jibge wuri guda, da yawansu sunansu "Home" kawai, shi kansa bai san me ke ciki ba. Wannan ba ajiya ba ce, tarkace ne. Ki buɗe folda ga kowane babi na aikinki, sannan ki canza wa kowace alama suna tun lokacin ajiyewa. Misali: "Noman rani a Kadawa, alƙaluman girbi, babi na 2". Bayan wata uku, kalma ɗaya za ki rubuta a wurin nema ta fito. Ga sauƙin data kuma, tunda ba sai kin sake lalube daga farko ba.

Abin da ƙawarki ba ta gaya miki ba shi ne, adireshi kawai bukmak yake riƙewa, ba shafin kansa ba. In masu shafin suka goge shi, kin riƙe makullin gidan da aka rushe. Don haka duk abin da za ki kafa hujja da shi a aikinki, ki sauke shi a matsayin PDF, ko ki ajiye kwafinsa a Wayback Machine na Internet Archive, wato shafin da yake adana kwafin shafukan intanet.

Akwai manhajoji na musamman na ajiye bukmak irin su Raindrop.io, suna da kyau, amma kada ki saki jiki. Google ya rufe Google Bookmarks a 2021, Mozilla ta rufe Pocket a 2025, kafin su Delicious da aka kafa a 2003 ya yi tashe ya shuɗe. Shi ya sa nake son ki riƙa fitar da duk alamominki a fayil ɗin HTML daga Chrome na kwamfuta, ki tura wa kanki ta imel, ko da sau ɗaya ne a zango. In kuma a shagon intanet (kafe) kika shiga asusunki, kada ki tashi sai kin fita daga ciki.

Game da waɗanda suka ɓata, kada ki fid da rai tukuna. Ki shiga myactivity.google.com da tsohon asusunki, mai yiwuwa ki ga tarihin shafukan da kika ziyarta. Idan kuma WhatsApp ɗinki yana ajiye kwafin hira a Google Drive, kina dawo da layinki ki zaɓi maido da saƙonni tun wajen saita manhajar a sabuwar waya.