Amsa: Ƙwayoyin hanjin kudan zuma suna sauyawa da lokaci?

Malam, ka tambaya ko bakteriyar da ke cikin hanjin kudan zuma ɗaya ce duk shekara. A'a, tana sauyawa, sai dai ba gaba ɗaya ba.

Akwai 'yan gida kamar rukunin bakteriya 5, irin su Gilliamella da Snodgrassella, da ba sa barin hanjin ko da wane lokaci. Kudan da ya ƙyanƙyashe yana fitowa kusan babu su, a wurin 'yan'uwansa yake ɗauka cikin kwanakin farko.

Masana a jami'ar Lausanne ta Suwizalan sun wallafa bincike a 2020: kudan hunturu ya fi mai fita kiwo yawan bakteriya, kuma nau'ukan bakteriyar da ake kira Bartonella da Commensalibacter su ke mamaye hanjinsa. A ƙasashe masu sanyi irin wannan, kudan bazara bai cika wuce sati 6 a raye ba, na hunturu kuwa yakan yi watanni a dunƙule cikin amya, yana cin ajiya, yana riƙe kashi har sanyi ya sassauta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba tetracycline, maganin kashe bakteriya, a amya barkatai. Don Allah ka guje shi, yana kashe waɗannan ƙwayoyin masu kare kudan daga cuta.