Kafin a yi tayi ake faɗa

Yaro, wai kana tambaya yaushe dillali zai gaya wa mai saye cewa shi wakilin mai gida ne. Tun kafin mutumin ya buɗe baki ya yi tayi! Da zarar ya fara gaya maka iya abin da ke aljihunsa, ko mai gida ya ce bashi ne ya matsa masa, sirri ya shigo hannunka, kuma haƙƙinsa ne ya san wa kake yi wa aiki. In kai kaɗai ne a tsakaninsu, ka faɗa wa kowa a gaban shaidu, har da la'adar da za ka karɓa a kowane ɓangare. Duba takardu a KANGIS, hukumar takardun filaye ta Kano, kuwa ba zan ɓata yawuna a kai ba, ko ɗan aike ya san wannan.

Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta ba ni gidan gado a Rijiyar Zaki in sayar. Sai ga wani dillali, wai ƙanin mamacin ne ya turo shi ya zama idon magada. Ya zauna a tabarmarsu, ya sha furarsu, ya ji suna son raba gado kafin azumi, ya ji ba za su sallama ƙasa da miliyan 18 ba. Ina da mai tayin 21, wata guda kawai ya nema ya haɗa kuɗi. Mutumin nan ya zagaya ya ce wa matar ai wancan ɗan wasa ne. Kashegari ya kawo wani alhaji, ya taya 18 cif, ko sisi bai ƙara ba, ya ajiye kafin alƙalami. Mai unguwa ya sa hannu. Ashe dillalin nan yaron alhajin ne tun farko. Ya karɓi la'ada nan, ya karɓa can, bayan sallah aka sayar da gidan 24.

Har yau matar nan ba ta amsa gaisuwata, ta ɗauka da ni aka haɗa baki aka ci kuɗin marayu. Unguwar gaba ɗaya ta daina ba ni aiki, ni da ban taɓa ɓoye wa kowa ko kwabo ba.

Ku yaran yanzu ku biyar a kan gida ɗaya, kowa da hoto a waya yana ɗora nasa, ba wanda ya taɓa ganin mai gidan. Gobe in mutumin nan na Hotoro ya zo, kana gama gaishe shi ka ce masa mu na mai gida ne, kuma ina so in ji da kunnena.