Mai tambayar awakin madara, ka fara tara harawa kafin ka sayi bulo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena mai tambaya, tun jiya da dare na ga abin da ka rubuto, cewa ka samu fili fuloti biyu a bayan garin Jega kana son ka koma can da iyali ka yi kiwon awakin madara, kuma kana neman shawara ko ka fara da ginin ɗakin awaki na bulo ko ka fara sayen irin na waje da kake gani a Facebook ana cewa suna bada lita uku lita huɗu a rana. Na ga har wasu sun ce maka ka sayi Saanen, farar akuyar Suwizalan, kawai ka huta. To ni dai ba likitan dabbobi ba ne, malamin firamare ne, amma tun 2016 muke wanga abu ni da uwargida a wajen Kalgo, kuma wallahi mun yi asarar da ba na so wani ya maimaita, shi yasa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake ko da zai yi tsawo, ka yi haƙuri.

Duk biyun da ka ambata ba su ne farko ba. Abinci ne farko. Akuya da baki take yin nono, in ba ta ci ba ko daga Suwizalan ka ɗauko ta hantsarta a yamushe za ka gan ta.

Bari in fara da kuskurena na gini tunda shi ya fi cin kuɗi. Lokacin da munka tare, zumuɗi ya ɗebe ni na kira birkila ya yi mani ɗaki na bulo, anka yi daɓen siminti sumul kamar falo, anka rufa kwano ƙasa-ƙasa, taga guda ɗaya 'yar mitsitsiya don tsoron ɓarayi. Ni a raina na yi abin burgewa. Da watan Afrilu ya kama, kun dai san zafin Kebbi yadda yake wuce digiri 40, in ka shiga ɗakin nan da azahar kamar ka shiga gidan burodi, awaki sai haki suke suna barin abinci. Damina ta zo kuma sai wata sabuwa, siminti ba ya shan fitsari, ya kwanta ya haɗu da kashi, zarni ya cika ɗakin har ido yake yi wa yaji, sai tari sai majina, kofato ya fara ruɓewa suna ɗingishi. 'Ya'ya biyu munka rasa a wannan daminar. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya leƙa cewa ya yi, Malam ai kurkuku ka gina masu. Na ji haushi ranar amma gaskiya ya faɗa.

Abin da muke amfani da shi yanzu ko rabin kuɗin wancan bai ci ba. Rumfa ce mai tsawo, kwanon yana sama sosai yadda ko na ɗaga hannu ba na taɓa shi, kuma mun shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon don ta tare zafi. Bangon gabas kawai munka gina har sama da tubali munka yaɓe shi da kyau, saboda a nan ƙasar tamu hadari daga gabas yake tasowa, feshin ruwa ta can yake bugowa, sannan sanyin hunturu ma ta arewa maso gabas yake shigowa, in ya tsananta sai mu rataya buhuna ta gefen arewa. Sauran ɓangarorin gini ne iya ƙirji sai waya daga nan zuwa sama, iska na shiga tana fita. Kar ka yi shi ƙasa da ƙafa huɗu, akuya ba tunkiya ba ce, haurawa za ta yi ta je ta cinye wa maƙwabta shuka a kai ka gaban mai unguwa. Ƙasan kuma mun cike shi da jar ƙasa da tsakuwa ya ɗaga kamar taƙi biyu sama da tsakar gida, da ɗan gangare, munka zuba yashi a kai. Wanga cikon shi ya cece mu a ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar mutane a fadama, ruwa ya shigo mana gida har ƙauri amma inda awaki suke a bushe. A gefe ɗaya kafinta ya yi mana ɗan dandamali na katako da tazarar yatsa tsakanin katakan, kashi na zubewa ƙasa, kuma akuya dama tana son kwana a tudu. Ka shafa wa ƙafafun katakon baƙin mai in ba haka ba gara ta gama da shi cikin shekara.

Shi kuwa tsohon ɗakin bulon, sito ya koma, kuma sai a lokacin ya yi amfani. A nan nake son ka tsaya ka yi lissafi. Daga kaka zuwa saukar ruwa wata bakwai ne zuwa takwas ba ɗanyar ciyawa, in ba ka kusa da masu noman rani. Harawar wake da ta gyaɗa a watan Nuwamba arha suke, kowa na neman kuɗi yana sayarwa, amma ka bari sai Afrilu ko Mayu ka je nema, damin da ka raina shi za a ninka maka kuɗinsa kuma kana godiya. Mu da anka cire amfanin gona nake zuba duk abin da na tara a harawa, in jera ta a kan itace kar ta taɓa ƙasa, a inuwa, don in rana ta dake ta a kan rufi ganyen ya kakkaɓe sai kara ya rage maka, alhali ganyen shi ne abincin. Sai dusar gero da ta dawa, uwargida tana karɓa wajen masu surfe a unguwa. Dusar shinkafa tana da yawa a nan Kebbi amma ka lura, wasu masu inji suna niƙe ta haɗe da ɓuntu, cika ciki kawai take ba ta ƙara komai, ka murza a hannu in ka ji tana kartar ka bar masu abinsu. In kana da gawo kusa, 'ya'yansa da ke zubowa da rani abinci ne na gaske, yara nake sawa su tsinto. Ga angurya ko ƙuli-ƙuli ɗan kaɗan ga mai shayarwa, ga 'yar kanwa a ruwa da gishirin lasa. Ruwa kuwa kar ya yanke a gabanta, mai bada nono tana sha sosai, ranar da ruwa ya yi ƙaranci washegari a ƙwarya za ka gani.

Abu biyu da ke kashe akuya mai lahiya ƙalau: leda da gyauron dawa. Leda ka sani, bayan gari duk ita ce, tana taruwa a tumbi akuya ta yi ta ramewa kana ta sayen magani a banza. Shi kuwa gyauro, wato dawar da ta sake tohowa bayan an yanke ko ƙaramar da fari ya kama, guba gare shi, cikin awa ɗaya sai ka ga dabba ta faɗi. Kuma kar yaro ya bar buhun hatsi a buɗe, in ta samu ta ci ta ƙoshi ciki ya kumbura, sai dai wuƙa in ba a yi sauri ba.

Yanzu maganar iri. Saanen da Alpine awakin ƙasar sanyi ne, can Turai inda suke da ciyawa da likita a kusa lallai suna bada abin da ake faɗa. Ni ma na taɓa faɗawa tarkon, wani mai talla a waya ya turo mani wata fara wai rabin jini ce, na biya kuɗin da zai sayi jajaye huɗu. Tsakani da Allah da hunturu ta yi ƙoƙari, muna samun kamar lita ɗaya da rabi. Zafi na shigowa ta koma 'yar lallaɓawa, kullum baki buɗe, kaska ta fi son ta, tari kaɗan ta kwanta, abincin da take ci na biyu ne. Ba ta ga damina ta biyu ba. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke ce wa 'yar Maraɗi, an fi saninta da fata, ita ce tun zamanin fatake ake ƙetara hamada da fatarta har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko, amma tana da nono daidai gwargwado, tana yawan yin tagwaye kuma ba ta san asibiti ba. Namu in sun ƙoshi, bayan ɗa ya sha, muna samun kusan cikin robar ruwa ƙarama a kowace. Sai buzaye masu dogayen ƙafa da ake samu ta wajen Kamba da sauran kasuwannin bakin iyaka, su sun fi jajaye nono, mai kyau tana kusa da lita, sai dai ba sa son laima ko kaɗan, da damina sai ka kula da su. In da ni ne kai, uwaye uku ko huɗu zan fara da su, jajaye biyu buzaye biyu, waɗanda sunka taɓa haihuwa. Ka tahi da wanda ya san dabba, a duba haƙora, a taɓa hantsa a ji ba ƙullutu ba tauri, kan nono biyu daidai. In da hali ma ka saya a gida wajen matan da ke kiwo inda za a tatsa a gabanka, ya fi na kasuwa. In ka shekara biyu hannunka ya faɗa, sannan ka nemi bunsuru mai jinin waje ka gwada a kan naka.

Duk wadda ka sayo kar ka haɗa ta da na gida sai ta yi sati biyu zuwa uku a turke ita kaɗai. Akwai annobar nan da likitoci ke ce wa PPR, majina da zawo da gyambon baki, in ta shiga garke sai ta share shi, kuma yawanci daga kasuwa ake kwaso ta. Tana da rigakafi, a Vom ta jihar Filato ake yin allurar, ka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ka tambaya, sai dai kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce shi yasa mu muke haɗuwa da maƙwabta a yi rana ɗaya. Maganin tsutsar ciki muna bayarwa farkon damina da ƙarshenta. Kuma duk allurar ko maganin da anka ba mai shayarwa, ka tambayi likita kwana nawa za a daina shan nononta, mutane na wasa da wannan.

Yadda ranarmu take, ba wani abin mamaki. Da magariba ake raba 'ya'ya da uwaye, su kwana a ɗan kejinsu inda suna ganin juna. Bayan asuba uwargida ta wanke hannu ta goge hantsa da ruwan ɗumi, ta zuba wa akuya dusa a gaba don ta tsaya, ta zubar da tsirtuwar farko ta duba ko da gudaji ko jini, sannan ta tatsa, ba ta ƙarewa tas, tana bar wa ɗa rabonsa ya wuni da uwarsa. Ni kuma shara da ɗebo ruwa kafin in wuce makaranta. Sati biyun farko bayan haihuwa ba ma taɓa nono sam, balle dakashin kwanakin farko, wannan haƙƙin ɗa ne, shi ne rigakafinsa. Cikin akuya wata biyar ne, in ya rage wata biyu ta haihu a daina tatsa ta huta. Namu na gida wata uku zuwa huɗu suke yi suna badawa sai ya ja baya, don haka kar ka bari duk su ɗauki ciki lokaci ɗaya, in ba haka ba wata huɗu kuna wadaƙa sauran shekara kuna kallon ƙwarya.

A tace a tafasa kafin kowa ya sha, don Allah. Akwai cutar da ke sa dabba ɓari, Fulani na ce mata bakkale, tana kama mutum ta ɗanyen nono, zazzaɓi ya yi ta dawowa ana ta shan maganin maleriya ba sauƙi.

Masu cewa nonon akuya ƙarni gare shi, rabin laifin na bunsuru ne. Ka yi mishi nashi wuri nesa da inda ake tatsa, ka ga bambanci. Sauran rabin kuma kwano ne mara tsabta da barin nono a zafi. Mu da shi muke shayi, ana yi wa yara kunu, ragowar ta kwana ta zama kindirmo a dama fura, baƙi da yawa sun sha ba su gane ba sai da anka gaya masu. Amma kar in ruɗe ka, in kasuwa kake hange, mutanenmu nonon shanu sunka saba da shi, masu zuwa nema a wajenmu ɗaiɗaiku ne, yawanci don tsoho ko mara lahiya. Kuɗin da ke shigowa na gaske daga 'yan bunsuran da muke dandaƙewa ne su zama taure a sayar lokacin Sallah ko masu suna, sai taki, wanda masu albasa ta wajen Aliero da masu lambu ke bi har gida da buhu. Da kuɗin taure na ja katangar baya, layi biyar bana layi huɗu baɗi, shekara uku ana abu ɗaya har yara na yi mani dariya.

To ga yadda zan jera maka aikin filinka tunda kuɗin ba yawa: ka kewaye shi tukuna ko da waya da ƙaya ne, ka san inda ruwanka zai fito, rijiya ko bohol ɗin maƙwabta, ka dasa itace biyu uku yanzu ka kare su da kwando don awakinka ne za su fara cinye su, sannan sito, sannan rumfa, akuya ita ce ƙarshen shigowa. Kuma rumfar ta kasance inda kana jin motsinsu daga ɗakin kwananka, bayan gari ne, akwai masu zuwa da mashin cikin dare. Sai ka yi magana da maiɗakinka tun yanzu ka ji ko tana so, don aikin asuba a kanta zai faɗa, kuma ka ware mata akuyarta ta kanta da duk abin da ta haifa.

Ka turo hoton filin nan cikin gida, ka nuna mana ina ne gabas da inda ruwa ke bi in an yi sama, sai in gwada maka kusurwar da rumfa za ta zauna. In kuma hanya ta biyo da kai Kalgo ranar Asabar ka yi mani magana ka zo ka gani da idonka, ina gida, muna yaɓen bangon gabas kafin ruwa ya sauka.