Ina son salansa biyu a Land Cruiser ɗina, zan iya tsaga manifol ɗin a gida?

Tambaya: Salamu alaikum oga. Ni a Mabera nike, ina da tsohuwar Land Cruiser mai injin 2F, silinda shida a jere. Ina son in maida ta salansa biyu, ƙanena mai walda ne ya ce mu yanka manifol ɗin mu ƙara mai baki ɗaya a gida kawai. Zai yiwu? Kuma ƙarfi zai ƙaru?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yiwu, amma kar ku taɓa manifol ɗin da ke jikin motar, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silinda ya kai salansa, ku nemo wani na gwangwan ku yi aikin a kansa, in ya lalace motarka na nan tana tafiya. Wannan shi ne sharaɗina na farko kuma ba na sassautawa a kai.

Maganar ƙarfi kuwa gaskiya kar ka sa rai da yawa. 2F inji ne mai lita 4.2 da anka gina don ja a ƙasa ƙasa, yashi da kaya, ba don gudu ba. Abin da za ka samu na zahiri shi ne ƙara, kuma ƙarar na da daɗi, tun shekarun 1950 samarin Amurka ke yi wa Chevrolet mai shida wannan aikin saboda ita.

Inda za a raba ba zaɓi ba ne. Injin shida a jere yana tashin wuta 1-5-3-6-2-4, in ka duba za ka ga gaba da baya ne suke karɓa-karɓa, don haka 1, 2, 3 su bi bututu guda, 4, 5, 6 su bi ɗayan, sai hayaƙin kowane ɓangare ya riƙa fita daidai tazara. A yanka tsakanin 3 da 4 a toshe da faranti, ɓangaren da bai da mafita a huda mai a ɗora sabon baki. Mai injin huɗu irin Peugeot 504 da ke karantawa, naka daban ne, 1 da 4 ake haɗawa, 2 da 3, kuma yankan manifol a tsakiya ba ya ba ka haka.

Yanzu ga inda aikin ke sa mutane asarar kuɗi. Manifol ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke ce wa kas, ba irin ƙarfen ƙofa da taga ba ne da ƙanenka ya saba. In ya sa mai sandar walda ta yau da kullum yana sanyi, wallahi tun kafin ku tashi za ka ji ƙas ƙas, layin tsaga ya fito gefen waldar siriri kamar gashi. Ni na taɓa yin wannan kuskuren ina yaro a gareji, na watsa wa manifol ruwa don ina sauri, a gabana ya rabe. Sandar nikel ake sa wa, tana da tsada amma ita ce. A wanke ƙarfen a goge har ya yi fari, a gasa shi duka cikin garwashin gawayi ya kai wajen digiri 300, a yi walda guntu-guntu kamar tsawon gaɓar yatsa, kowane guntu a bubbuga shi da ƙaramar guduma yana da zafi sannan a ci gaba, da an gama a turbuɗe shi cikin busasshen rairayi ko toka a bar shi ya kwana, kar wanda ya tono don leƙe.

Kuma ku ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe mai kauri ko tsohon kan inji lokacin waldar, don zafi na karkata shi. A 2F wannan ya fi muhimmanci saboda manifol ɗin hayaƙi da na shan mai gefe guda suke, gasket guda suke dannewa, in fuskar ta karkace inji zai riƙa shan iska ta gefe, silo ya ƙi zama, ka yi ta zagin kafireta ba laifinta. Ɗora ruler ta ƙarfe a fuskar ka haska tocila ta baya, in haske ya ratso a kai a feƙe ta.

Bututu kar ya wuce inci 2 kowane, in ka sa manya jan da motar ke yi a ƙasa zai ragu, za ka ji shi ran da ka shiga yashi hanyar ƙauye. Sabon bututun kuma a nisanta shi da layin fetur da na birki da wayoyi, ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya wuce 40, fetur na tafasa a layi mota ta mutu maka a Gawon Nama.

In kun tada ta a waje za ku tada, ba cikin shago a rufe ba, hayaƙin mota na kashewa ba tare da ka ji wari ba. Ka kai hannu kusa da waldar inji na aiki tun bai yi zafi ba, in ka ji iska na huro ka a kashe a kwance a sake.