Tambaya da Amsa: Ta Ina Labarin Yanayi Yake Isa ga Matuƙin Jirgin Sama?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, duk abu guda suke zagayawa, wato yadda labarin hadari da iska yake riskar matuƙi yana zaune a kujerarsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. A tafiyata ta ƙarshe muna dab da sauka sai matuƙi ya sanar da mu cewa ana ruwa da iska a filin da muka nufa, don haka zai yi shawagi na kamar minti ashirin. Na leƙa ta taga ban ga komai ba sai farin gajimare. Ta ina ya sami wannan labari, kuma me minti ashirin zai canza? Daga wata mai karatu.

Amsa: Amin, Malama, na gode. Abin da matuƙin yake gani ta gilashin gabansa bai fi wanda kika gani da yawa ba, shi ya sa ba da ido kaɗai yake aiki ba. Tun kafin ya hau jirgin an ba shi hasashen yanayin filin da zai tashi, da na wanda zai sauka, da na wani fili daban da zai karkata idan sauka ta gagara. A manyan filaye wannan hasashe, wanda suke kira TAF, yakan ɗauki sa'a 24 ko 30, ana kuma sabunta shi bayan kowace sa'a shida. Taswirar iskar da ke can sama kuwa cibiyoyi biyu ne suke samar da ita ga duniya baki ɗaya, ta Landan da ta Washinton, bisa tsarin ICAO, ƙungiyar da ke kula da sufurin jiragen sama ta duniya.

Sai dai abin da ya sa ya yi muku sanarwar shi ne rahoton abin da ake ciki a ƙasa a daidai lokacin. Kowane babban fili yana fitar da irin wannan rahoto, mai suna METAR, bayan kowace sa'a ko rabin sa'a, idan kuma yanayi ya juya kwatsam a fitar da na musamman ba tare da jiran lokaci ba. Matuƙi yana iya saurarensa a wata tashar rediyo inda naɗaɗɗiyar murya take ta maimaita shi, ko kuma ya nemo shi a rubuce ta na'urar saƙo ta ACARS, wadda aka fara amfani da ita tun 1978, ya fito a allo ko a wata 'yar siririyar takarda. Kowane sabon naɗi yana da harafinsa, kuma idan matuƙi ya kira jami'in da ke ba da izinin sauka dole ya faɗi harafin da yake riƙe da shi, domin idan an riga an wuce shi a gaya masa ya sake saurara.

Ga misalin layi guda da na tsara domin ki ga kamanninsa: 24015G28KT 3000 TSRA BKN012CB Q1004. Ga wanda ya iya karatunsa, wannan layi yana cewa iska tana busowa daga kudu maso yamma da gudun mil na teku 15 a sa'a, tana kuma tasowa lokaci lokaci har 28, ido ba ya gani fiye da mita 3000, ana ruwa da tsawa, gindin hadarin yana ƙafa 1200 daga ƙasa, ma'aunin nauyin iska kuma yana kan 1004. Wannan lamba ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce kama da ƙaramin abu, ita ce matuƙi yake saita ma'aunin tsayinsa da ita. A ranar 23 ga Mayu 2022, a filin Charles de Gaulle na birnin Paris, an faɗa wa wani jirgi ƙirar A320 lamba 1011 maimakon 1001, sai ya riƙa tafiya ƙasa da inda ma'auninsa yake nuna masa da kimanin ƙafa 280, cikin ruwan sama, ba ya ganin titin sauka. Masu binciken Faransa sun gano cewa tazarar da ta rage tsakaninsa da ƙasa kafin ya sake ɗagawa ƙafa shida ce kacal.

Batun minti ashirin kuwa, akwai wata iska da take rikitowa daga cikin hadari kai tsaye zuwa ƙasa, idan ta bugi ƙasa ta watsu ta kowane ɓangare. Jirgin da ya shiga cikinta yana shirin sauka zai fara cin karo da iska ta gaba wadda za ta ɗaga shi, sai ta sama ta danne shi, sai kuma ta baya ta rage wa fukafukansa ƙarfin riƙe shi, duk wannan a wurin da babu sararin gyara kuskure. Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago ne ya bayyana ta bayan hatsarin wani jirgi a birnin New York a 1975, amma da yawa ba su gaskata shi ba da farko. Hatsarin jirgin kamfanin Delta a filin Dallas ranar 2 ga Agusta 1985, wanda ya ci rayuka fiye da 130, shi ne ya sa aka tashi tsaye, har aka wajabta wa manyan jiragen fasinja a Amurka na'urar gargaɗi a kanta. Faɗin wannan iska bai cika wuce kilomita huɗu ba, kuma da wuya ta daɗe fiye da minti goma sha biyar, saboda haka jiran da matuƙinku ya yi lissafi ne, kuma a ganina ya kyauta da ya gaya muku dalili.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai sha'awar tuƙin jirgi. Na karanta cewa matuƙan ƙananan jirage suna ganin taswirar hadari a kwamfutar hannu, da launuka, kamar yadda muke gani a waya. Idan haka ne, me ya rage wa na'urar rada da ke hancin jirgi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, abin da ka karanta gaskiya ne, musamman a Amurka, inda ake da rada ta ƙasa kusan 160 masu duba ruwan sama, ana haɗa hotunansu wuri guda a aika wa jirage, ko dai ta tauraron ɗan'adam ga wanda ya biya, ko kuma kyauta ta tashoshin ƙasa a kan mita 978 megahaz. Ga matuƙin ƙaramin jirgi wanda ba shi da rada tasa, wannan babban ci gaba ne, domin yana ganin hadarin da ke ɗaruruwan kilomita a gabansa ya yanke shawara tun da sauran mai a tanki.

Inda gizo yake saƙar shi ne shekarun hoton, in dai za a iya kiran mintuna shekaru. Kowace rada ta ƙasa tana ɗaukar mintuna kafin ta gama zagaye guda na sararin da ke kanta, sannan a tattara na sauran, a haɗa, a aika. A 2012 hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da gargaɗi cewa lokacin da allon yake nunawa na haɗa hoton ne, ba na ɗaukar ainihin yanayin ba, kuma a wasu lokuta hoton yana iya girmar abin da aka rubuta da minti 15 zuwa 20. Ka ɗauka hadari yana tafiya da gudun kilomita 60 a sa'a: cikin minti 15 ya matsa kilomita 15, kuma hanyar da allon yake nuna wa matuƙi a buɗe tana iya kasancewa ta daɗe da rufewa. Don haka wannan hoto na tsara hanya ne daga nesa, a kewaye dukan yankin, bai dace a riƙa kutsawa da shi tsakanin hadari da hadari ba.

Rada ta hancin jirgi kuwa abin da ke faruwa yanzu take nunawa. Tana harba sigina gaba, ɗigon ruwa ya maido mata da shi, ta zana abin da ta samu kore idan ruwan kaɗan ne, ruwan ɗorawa idan ya ƙaru, ja idan ya yi nauyi. Amma ita ma tana da makantarta. Ruwa mai tsananin yawa yana shanye siginar, sai abin da ke bayansa ya fito baƙi a allo kamar sarari ne fayau, alhali nan ne inda abin ya fi muni. Ƙwararren matuƙi yakan sunkuyar da kan radar har ta fara nuna ƙasa, idan ya ga babu hoton ƙasa a bayan jan wurin, ya san inuwa ce ba hanya ba.

Ranar 4 ga Afrilu 1977 jirgin Southern Airways ƙirar DC-9 ya shiga hadari mai ƙanƙara a jihar Jojiya, injinansa biyu suka mutu, ya yi ƙoƙarin sauka a kan titin mota, mutum 72 suka rasu har da waɗanda suke ƙasa. Abin lura a rahoton binciken shi ne ya ambaci dogaro da radar jirgi wajen kutsa hadari, ya kuma ambaci cewa sabon labarin tsananin yanayin bai isa ga matuƙan a kan kari ba, ko da yake akwai shi a ƙasa. Bayan wannan ne, a 1978, aka fara zaunar da masana yanayi a cikin cibiyoyin kula da zirga-zirgar jirage na Amurka. Shawarar da hukumar jiragen saman ƙasar take bayarwa har yau ita ce a bar tazarar mil na teku 20, kimanin kilomita 37, tsakanin jirgi da hadari mai tsanani, domin ƙanƙara tana iya faɗowa nesa da gajimaren da ya haife ta.

Tambaya: Malam, me ya sa jirgi yakan yi gargada alhali sama tana garau, kuma babu wanda ya gargaɗe mu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, rada ruwa take gani, busasshiyar iska ba ta maido mata da komai. Irin wannan gargada takan auku ne a gefen manyan igiyoyin iska masu gudu a can sama ko a saman duwatsu, kuma mafi ingancin labarinta daga jirgin da ya riga ya wuce wurin yake fitowa. A da sai matuƙi ya faɗa da baki ta rediyo, abin da babban jirgi ya kira kaɗan kuma ƙarami ya kira shi mai tsanani. Yanzu jirage da yawa suna auna girgizar da kansu su aika da lamba guda wadda ba ta danganta da girman jirgi ba, kuma tun 2018 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA take tattara irin waɗannan rahotanni tana raba wa mambobin da suka shiga shirin. Duk da haka wani jirgin ne zai zama na farko a wurin. Rahoton farko a kan jirgin Singapore Airlines da ya gamu da gargada a sararin Myanmar ranar 21 ga Mayu 2024 ya nuna cewa ya sauko ƙafa 178 cikin daƙiƙa 4.6, lokacin da bai isa a yi sanarwa ba balle fasinja ya laluɓo bel ɗinsa, shi ya sa ma'aikatan jirgi suke roƙon a bar shi a ɗaure ko da fitilar da ke umartar a ɗaura bel ta mutu.